Kaurin Farce a Gefen Kati

Ranar Alhamis da hantsi mai kai wasiƙu ya miƙa wa Emil Hudak ƙunshin da ya yi mako shida yana jira. Ko gaisuwar mutumin bai tsaya amsawa ba. Ya sa hannu a takarda ya koma kicin, ya goge tebur da hannun riga, sannan ya farke ƙunshin a hankali da wuƙar aljihu.

Shekararsa saba'in da ɗaya. Ya yi aiki a masana'antar ƙarfe ta garin Youngstown a Amurka har aka rufe ta, ya koma gyaran motocin makaranta har ya yi ritaya. A duk tsawon shekarun nan, bayan cefane, abu ɗaya ne ke cin kuɗinsa: tsofaffin katunan 'yan wasan besbol, ƙwallon da ake bugu da sanda, irin waɗanda ake sakawa cikin kwalin taba tun kafin yaƙin duniya na farko. Yana da ɗari biyu da 'yan kai, amma guda ɗaya ne sai ya wanke hannu yake taɓa shi. Katin Orval Maddern ne, wani mai jifan ƙwallo da ya buga kakar wasa ɗaya tak a 1910 kafaɗarsa ta lalace. Katinsa kaɗan aka buga aka daina. Na Emil kuwa ya fi duk waɗanda ya taɓa gani kyau, kusurwa huɗu tsaf, gefe kamar jiya aka yanka.

Bai taɓa yarda da kamfanonin nan da ke duba kati su ba shi maki su rufe shi cikin roba ba. Cewa yake wanda ba zai iya gane kati da idonsa ba ya je ya tara murfin kwalba. 'Yarsa Marcy ce ta matsa masa bayan an yi masa aikin zuciya, ta ce in ta Allah ta kasance ita ba ta san kan kayan nan ba, 'yan kasuwa za su yi mata wayo. Don ta ƙyale shi ya aika da Maddern.

Katin ya dawo cikin ledar da ya tura shi, ba roba, ba maki. Sai 'yar takarda mai layi biyu. Kati na asali ne, in ji su, amma an datse gefensa.

Sau uku ya karanta.

"'Yan iska," ya ce. "Yaran da aka haifa jiya su ne za su gaya mini an datse."

Matarsa Bernadette tana yanka kabeji, ba ta juyo ba. "To ka auna mana. Ba kai ne mai awo ba?"

Ya tafi gareji ya ɗauko ma'aunin ƙarfen da yake auna sassan inji da shi, wanda ba ya kuskuren ko silin gashi. Ya auna wani kati ɗan'uwan wannan, ya rubuta. Ya auna Maddern. Ya sake aunawa. A tsaye ya gaza, a kwance ma ya gaza, da abin da bai wuce kaurin farce ba. Ya sa gilashin ƙara girma ya leƙa bakin takardar. Na sauran katunan ya yi ruwan ƙasa, ya yi laushi irin na takardar da ta shekara ɗari. Na Maddern fari ne, a miƙe, mai kaifi.

Shekara ashirin da huɗu yana kallon katin nan. Kyan da yake tinƙaho da shi ashe shi ne shaidar wuƙa.

"Wataƙila Norb bai sani ba," Bernadette ta ce. Yanzu ta ajiye wuƙarta ta zo ta tsaya a bayansa.

"Ya sani."

"Emil, ka tsaya ka ji ta bakinsa."

"Da bakinsa ya gaya mini daga hannun wata tsohuwa a garin Struthers ya karɓo shi, cikin akwatin sigarin surukinta, ba wanda ya taɓa buɗewa. Tsakanin akwatin nan da hannuna mutum ɗaya ne. Kuma wane aiki mutumin yake yi, Bernie? Gaya mini."

Ita ma ta sani. Norb, wato Norbert Sabol, ya yi shekara talatin da biyar a maɗaba'a, a kan injin yankan takarda.

Tun ajin farko na makarantar coci suke tare. Norb ne ya tsaya masa ranar aurensa, shi ne ya riƙe Marcy ranar baftisma, har yau Kawu Norb take ce masa. Kwalekwalen kamun kifinsa Emil ya sayar ya sayi katin nan a hannunsa. Kuma duk ranar Laraba Norb yana zuwa gidan, ya ci taliya da kabeji, su kalli wasa, kafin ya tashi ya ce, "Fito mini da Maddern in gaishe shi." Ya riƙe shi a tafin hannu, ya girgiza kai ya ce bai taɓa yin wauta irin sayar da shi ba.

Wannan ne ya fi ci wa Emil rai. Ya hau sama ya sauko da duk katunan da suka biyo ta hannun Norb, goma sha ɗaya. Bakwai sun gaza awo.

Ranar Asabar ta farkon kowane wata masu tara kati ke cin kasuwarsu a zauren da ke ƙarƙashin cocin unguwa. Tebur arba'in, ƙanshin kofi da tsohuwar takarda, matan coci na sayar da abinci ta taga. Teburin Norb yana kusa da matattakala, inda yake tun fil azal. Yana hango Emil ya ɗaga hannu, bakinsa cike da biredi.

"Ga tsoho mai sabuwar zuciya. Sun ba ka maki nawa? In bai kai bakwai cikin goma ba ka kai su kotu, ni ne shaida."

Emil bai yi dariya ba. Ya ture wani kwali gefe, ya ajiye katin a kan gilashin teburin, ya ajiye takardar kamfanin, ya ajiye ma'aunin.

"Auna."

Norb ya karanta takardar. Ya haɗiye biredin. Jan da ke wuyansa ya hau har kunne.

"Zo mu fita waje, mutumina."

"A nan ka sayar mini. A nan za ka auna."

"Emil, mutane na kallo."

"Su kalla. Auna, ko ka gaya mini da bakinka."

Norb ya dubi hagu ya dubi dama, ya sunkuyo ya rage murya. "Ɓera ne ya ɗan taɓa gefen ƙasa. Kaɗan. Na gyara shi ne kawai, na daidaita sauran gefen don kada ya karkace. A lokacin kowa na yi, ka sani, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Wasu ma da almakashi suke yi, su ɓata kati. Ni aƙalla na iya."

"Ka iya. Wallahi ka iya."

"To me ya canja? Kati ne na gaske. Hoton nan ne, takardar nan ce. Shekara ashirin da huɗu kana jin daɗinsa, sai yau wani yaro ya rubuta maka layi biyu ya zama shara?"

"Na tambaye ka. A nan, a kan teburin nan, na ce Norb, an taɓa shi? Me ka ce?"

Norb ya hau gyara katunan da ke gabansa.

"Me ka ce?"

"Ban tuna ba."

"Ka ce ka rantse da kabarin mahaifiyarka."

"In kuɗi ne, zan mayar maka. Har da ƙari."

"Riƙe kuɗinka. Laraba nawa ka zauna a kicin ɗina? Kana cin abincin matata, kana riƙe da abin nan kana yaba shi, kana kallon fuskata. Me kake ji a ranka lokacin? Dariya kake mini?"

"Ba dariya nake ba."

Emil ya juya ya fuskanci zauren. Ba mai ɗaga murya ba ne, shi ya sa da ya ɗaga ta har matan da ke taga suka tsaya.

"Jama'a, duk wanda ya taɓa sayen tsohon kati a teburin nan ya je gida ya auna. Nawa goma sha ɗaya ne, bakwai an datse. Ga ma'auni, ga mai yankan a zaune, ku tambaye shi."

Ƙus-ƙus ya tashi a zauren. Wani da ke riƙe da kati daga teburin ya ajiye shi a hankali ya matsa. Norb ya miƙe. Muryarsa ta fito a sanyaye, don Emil kaɗai.

"Ka gama? To, waliyyi, tunda ranar tonon asiri ce. Guda ukun da ka karɓa a wajena ka wuce da su gaba fa? Na Cletus. Na likitan haƙoran nan. Na Loretta Pinkney. Ni ban san su ba, kai suka sani. Da bakinka ka ce musu ka tsaya wa kayan. Je ka yi musu wannan wa'azin."

Emil ya juya masa baya. Ya kwashe kayansa ya hau matattakala.

A mota ya daɗe bai tayar ba. Gaskiya Norb ya faɗa, kuma wannan ya ƙara hura masa wuta. Abu ɗaya da yake da shi a zauren nan, wanda manyan masu kuɗi ba su da shi, shi ne in Hudak ya ce kati lafiya yake, ba a sake dubawa. Norb bai tsaya a cutarsa ba, sai da ya ari bakinsa ya cuci wasu da shi.

"Za ka iya yin shiru," Bernadette ta ce da ya gaya mata. "Ba da saninka ka yi ba."

"Yanzu na sani."

"Na san za ka ce haka. Ka sha maganinka kafin ka fita."

Ranar Litinin ya fara. Cletus ya rasu shekara biyu da suka wuce, ɗansa ya sayar da komai a kwali ɗaya ga wanda ba ya ko tuna sunansa. Likitan haƙoran, wanda ya koma garin Columbus, ya saurare shi ta waya har ƙarshe, sannan ya ce, "Mista Hudak, na sayar da katin nan tuntuni. Ban ji abin da ka faɗa ba, kuma kada ka sake kirana." Ya kashe. Emil ya tsaya da wayar a hannu yana zagin mutumin da harshen kakanninsa.

Saura Loretta Pinkney. Malamar lissafi ce da ta yi ritaya, baƙar mace doguwa, ɗaya daga cikin mata biyu ko uku da ke zuwa zauren. Daga mahaifinta ta gaji tara kati. Shekara goma da suka wuce tana neman guda ɗaya ya cika mata jerin 'yan wasan wata ƙungiya, Emil ya ba ta shi, ita kuma ta ba shi wani kati daga cikin na mahaifinta. Ba kuɗi tsakaninsu, musaya ce.

Ta karɓe shi da fara'a, ta ɗora kofi. Bai zauna ba sai da ya gama faɗa mata. Ta tashi, ta ɗauko kundinta, ta zaro katin, ta karɓi ma'aunin ta auna da kanta. Ta rubuta lambar a bayan ambulan, ta ja layi a ƙarƙashi kamar mai gyaran jarrabawa.

"Ka san ina auna duk abin da ya shigo gidan nan, Mista Hudak?"

"Ban sani ba."

"Duka. Shekara arba'in ina shiga zauren can, mazan nan suna ganina suna murna, ga mace ta zo, bari mu sauke mata shara. Ba wanda ya taɓa cin nasara. Wannan kaɗai ban auna ba. Ka san dalili?"

Ya sani.

"Ki yi haƙuri, Malama. In akwai abin da zan biya..."

"Kada ka yi mini maganar kuɗi a falona." Ta tura masa katin a kan tebur da ɗan yatsa. "Ɗauki abinka. Ka dawo mini da na babana."

Emil ya dubi katin da ke kan tebur. "Ba ya hannuna."

"Yana ina?"

"Na ba Norb. Shekarar da ta biyo baya, ya dame ni yana so."

Ta cire tabarau ta dube shi sosai. "Babana leburan jirgin ƙasa ne. Yana yaro ya tsinci katin nan, ya rubuta haruffan sunansa a baya da fensir don kada 'yan'uwansa su ɗauke. Ranar da na ba ka na nuna maka, ka ce zai zauna a gidan da za a san darajarsa. Ban yi barci mai daɗi ba wata guda bayan na bayar, amma na ce ai Hudak ne. To ka je ka karɓo. Kofin nan kuma ba sai ka sha ba."

Daga gidanta kai tsaye ya wuce gidan Norb. Rita, matar Norb, ita ta buɗe ƙofa, idonta a kumbure.

"Emil, sun hana shi tebur. Waya ba ta daina ƙara ba tun Asabar. Ba ya cin abinci."

"Kira mini shi, Rita. Ba zan shiga ba."

Norb ya fito da rigar barci da tsakar rana, bai yi aski ba. Cikin kwana biyu ya tsufa. Emil ya ga hakan, kuma bai ji tausayin da ya zaci zai ji ba.

"Katin Loretta. Wanda na ba ka."

"Shigo mana mu zauna. Shekara sittin da biyar, Emil. A bakin ƙofa za mu yi magana?"

"Katin."

Norb ya koma ciki. Ya daɗe, har Emil ya fara tunanin ya sayar. Sai ga shi da shi cikin leda. Emil ya karɓa, ya zaro ma'auni a nan tsaye. Tsawo daidai, faɗi daidai. Ya sauke numfashi, ya juya bayan katin.

Fes. Ba rubutun komai.

"Ina haruffan?"

Norb ya kau da kai. "Rubutu na karya darajar kati, ka sani. Fensir ne kawai. Na bi shi da abin gogewa a hankali, ko takardar ban taɓa ba."

"Na gaya maka na wane ne. Na gaya maka labarin mutumin."

"Ban yi zaton za a sake nema ba."

Emil ya ji hannunsa na dama ya dunƙule da kansa. Tun yana ɗan ashirin rabonsa da dukan mutum. Ya dubi tsohon da ke gabansa, da siraran ƙafafu cikin silifa, da Rita a bayansa ta toshe baki da hannu. Ya tura hannun cikin aljihu.

"Ba ka iya ganin abu ka bar shi yadda yake," ya ce. "Kada ka sake taka gidana."

Washegari ya koma wajen Loretta. Ya so ya fara yi mata bayani tun a ƙofa, ta ɗaga masa hannu. Ta karɓi ledar, ko gaban katin ba ta duba ba, ta juya shi. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta je bakin taga ta karkata shi ga hasken rana, ta ɗan juya shi hagu, ta ɗan juya dama.

"Da ƙarfi yake danna fensir," ta ce, ba da shi take ba. "Har ya tsufa haka yake rubutu. Sawun yana nan."

Emil ya matso zai gani, ta janye katin zuwa ƙirjinta.

"Ka cika alkawari, ka kawo. Na gode. Amma ba na son ganinka yanzu, Mista Hudak, wataƙila har zuwa wani lokaci. Ja mini ƙofar in ka fita."

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Masu kula da zauren ba su mayar wa Norb teburinsa ba, wani mai sayar da riguna ya gaje wurin. Wasu sun ce Emil ya yi daidai. Wasu, musamman waɗanda suka auna nasu a gida suka yi gum, sun daina gaishe shi. Marcy ta yi kuka a waya ta ce da ta sani da ba ta matsa masa ba, ya ce mata ba laifinta ba ne, kuma kada ta sake ambaton Kawu Norb a gabansa. Ta ci gaba da aika wa Norb gaisuwar ranar haihuwa, Emil ya yi kamar bai sani ba. Katunan nan da suka gaza awo ya ware su a ambulan guda, ya rubuta a jiki da manyan haruffa cewa an datse su, don kada wani ya sake shan abin da ya sha bayan ransa.

Da sanyi ya shigo Rita ta bugo wa Bernadette waya. Norb ya zame a ƙofar gida ya karya ƙugu, yana asibiti. Bernadette ta dafa miyar kaza ta zuba a kwano, ta sa rigar sanyi, ta tsaya a gaban Emil da jakarta.

"Ba na tuƙi a ƙanƙara, ka sani."

Ya tashi ya ɗauki makulli. Ya kai ta asibitin. Ya tsaya a wurin ajiye motoci, kusa da ƙofa don kada ta yi tafiya mai nisa.

"Ba za ka shiga ba?"

"A'a."

"In ya tambaya fa?"

"Ki ce ina mota."

Ta dube shi, ta gyara riƙon kwanon, ta fita. Ya bi ta da ido har ta shige. Sannan ya ƙara zafin hitar motar, ya naɗe hannu a ƙirji, ya zauna yana jira.